A Kan Nawa Ake Saita Na'urar Tsotse Danshi a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa?

A Kanada da arewacin Amurka gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma ɗalibai da sababbin zuwa sukan kama haya a nan saboda arha. Aibin ɗakin shi ne danshi. Bangonsa yana jingine da ƙasa mai sanyi, to da zarar iskar zafi ta shigo sai ta yi raɓa a jikinsa, kamar gumin da kwalbar lemo mai sanyi take yi. Daga nan sai wari, sai funfuna a takalma da bayan katifa.

Ka saita na'urar a kan 50, wato laimar iska kashi 50 cikin 100. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a tsaya tsakanin 30 da 50, kada dai a kai 60, domin daga nan ne funfuna take samun wurin zama. Idan akwai mai asma a ɗakin, ka sauko 45. Amma kai ta 35 a lokacin zafi ɓarnar wuta ce: kwamfuresa, wato injin da ke cikin na'urar, zai kwana yana aiki bai cimma lambar ba, tunda bango bai daina fitar da danshi ba.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne yarda da lambar da ke fuskar na'urar. Iskar da ke kusa da jikinta kawai take aunawa, kuma sau da yawa takan kuskure da 'yan maki. Ka sayi ƙaramin ma'aunin laima na daban, ka aje shi a lungun da ya fi nisa da ita. Shi ma a gwada shi tukuna: zuba gishiri a marfin kwalba, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, ka rufe su tare da ma'aunin a roba mai murfi su kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka riƙa ƙara 5 a kan duk abin da ya gaya maka.

Tagogi a rufe, in ba haka ba iskar unguwa kake busarwa da kuɗinka. Ka bar tazarar kamar santimita 30 tsakaninta da bango, ka wanke matatar iska kowane mako biyu ko uku. Bokitin da ruwan yake taruwa a ciki in ya cika na'urar kashe kanta take yi, don haka gara tiyo mai gangarawa zuwa magudana, ba lanƙwasa.

Da hunturu iska takan bushe da kanta. Idan ma'auni ya nuna 40, a kashe ta. Yawancin masu kwamfuresa ma ƙanƙara suke kamawa in sanyin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18.

Idan mako ya wuce lambar ta ƙi saukowa, ka liƙa leda a bango da salatef ta ɓangarori huɗu, ka bari kwana biyu. Raɓa a fuskar ledar da ke kallon ɗaki daga iska take, na'ura za ta iya da ita. In kuwa ta cikin ledar ce ta jiƙe, ruwa ne ke ratsowa ta bango. Wannan sai mai gida ya gyara indararo da gangaren ƙasar da ke gindin ginin.