Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Leƙa Bayan Idona

Makon jiya na tsaya a inda zare ya fara ƙin shiga kafar allura. Shekara 11 ina fama da ciwon suga, ban taɓa kawowa a raina zai taɓa mini ido ba. Na ɗauka tsufa ne, na aika aka sayo mini tabarau a kasuwar Sabon Gari, na ci gaba da ɗinkin hula.

Sai wata hantsi na ga wani abu kamar yanar gizo yana yawo a kan farin ƙyalle. Na kai hannu in kaɗe, wayam. Washegari Auta ta tasa ni gaba sai asibitin Shika.

Aka ɗiga mini maganin buɗe ƙwayar ido, mai ɗan yaji, na yi zaman kusan rabin awa kafin likita ya haska.

"Mama, yaushe rabon da a duba miki bayan ido?"

Na ce ai da can lafiya lau nake gani. Ya ce nan ne matsalar, ɓarnar ba ta sallama. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, jijiyoyin da ke ciyar da shi ko gashi ya fi su kauri. Suga in ya daɗe da yawa a jini sai ya raunana su, wasu su yi yoyo, wasu su toshe. Ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari, su kuma su fashe. Jininsu ne yanar da nake kaɗewa.

Abin kunya, ni da nake ƙaurace wa tuwo da fura kwana biyu kafin ranar asibiti don awo ya yi kyau! Ashe akwai gwajin jini da ake kira HbA1c mai tona asirin sugan wata uku. Ana so ya sauka ƙasa da 7, nawa 10.

"Umma, kin ji ko?" in ji Auta, ba ta ko kalle ni ba.

Likita ya ce a riƙe suga, a riƙe hawan jini, shi kuma ido da tun farko duk shekara ake duba shi. Na hagu sai an yi aikin leza, wato aikin da ake yi da wani haske mai ƙarfi.

Muka fito rana na kashe mini ido, har Kwangila fuskata na cikin mayafi, ina tunanin huluna shida na mutane da na riga na karɓi kuɗinsu.

Mu haɗu mako mai zuwa.