Daren da Muka Ci Kifi a Padstow

Shekarar farko da muka zauna a Landan, sanyin hunturu ya kulle ni a ɗaki, talabijin ta zama abokiyar hirata. A nan na san Rick Stein, dattijon nan mai girkin kifi a shirye-shiryen BBC, wanda zai tsaya a bakin ruwa cikin masunta, ya ɗaga kifi da hannu biyu yana yaba shi kamar mai yabon ingarman doki. Tun lokacin na sa wa raina sai na ci abinci a gidan abincinsa da ke Padstow, wani ƙaramin garin bakin teku a yankin Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Shekara uku ina faɗa, har ranar da Malam ya dawo daga aiki ya ce, "Uwargida, haɗa kayanki, na kama mana tebur a Padstow." Ashe tun makonni shida baya ya kama, don lokacin zafi ba wurin da za ka faɗo haka kawai ka sami kujera ba ne.

Da safe muka hau jirgin ƙasa a tashar Paddington, tafiyar kusan awa huɗu zuwa Bodmin Parkway. Bayan Exeter, wajen Dawlish, layin dogo ya manne da gaɓar teku, ka leƙa taga ba abin da kake gani sai ruwa. Can gaba muka haye kogin Tamar ta kan gadar ƙarfen da injiniya Brunel ya gina, aka buɗe ta a 1859, kuma da ka haye ta ka shiga Cornwall. Sauran tafiyar a bas muka yi ta, wajen awa guda, ta Wadebridge, a kan ƙananan hanyoyin da in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Da can jirgin ƙasa har cikin Padstow yake shiga. An rufe layin a 1967, yanzu masu keke ne ke bin sawunsa a gefen kogin Camel. Duk da "camel" raƙumi ne a Turanci, sunan kogin nan ba ruwansa da raƙumi, a tsohon harshen mutanen Cornwall yana nufin mai lanƙwasa.

Mun iso teku ta janye. Ni da na tashi nesa da teku, abin ya tsaya mini a rai: bakin kogi mai faɗi ya koma filin yashi, kwale-kwale a kwance a gefe guda kamar dabbobin da suka gaji, sai ƙaramar tashar jirage ta tsakiyar gari da ke cike da ruwa, saboda ƙofar da ake rufewa ta tare shi. Sau biyu a yini ruwan nan ke tafiya ya dawo, kuma da shi masunta ke auna fitarsu da komowarsu. Can bakin mashigar akwai tudun yashin da ake kira Doom Bar, wanda ya ci ɗaruruwan jiragen ruwa.

Tun da sauran lokaci, muka shiga gidan renon lobsta da ke bakin tashar, wanda aka buɗe a 2000. Lobsta ƙaton jatan lande ne mai manyan hannuwa kamar almakashi. Masunta ke kawo macen da suka kama da ƙwai dubbai maƙale a cikinta, a ƙyanƙyashe su a nan, a rene su har su yi ƙwari, sannan a mayar da su teku. Na daɗe a gaban wata 'yar mitsitsiya da ba ta kai ɗan yatsana ba, ita kaɗai a gurbinta, don in aka haɗa su cinye juna suke yi. A raye shuɗi-shuɗi ne launinsu mai duhu, wuta ce ke mayar da su ja.

Gidan abincin, The Seafood Restaurant, ba wata fada ba ce daga waje. Ciki kuwa fararen tebura, zane-zane a bango, a tsakiya wani kewayayyen kanta da aka jera kaguwa da jatan lande da sauran kayan teku a kan ƙanƙara. Kafin mu zaɓi komai na gaya wa yarinyar da ke kula da teburinmu cewa ba ma cin abin da aka dafa da giya ko naman alade. Ba ta yi mana amsar ka ba, sai da ta shiga kicin ta tambayo, ta dawo ta bi takardar abincin da yatsa tana nuna mana wanda za mu ci da wanda za mu bari. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Malam ya zaɓi kaguwa da miyar barkono irin ta Singafo. Aka kawo masa ƙyallen ɗaurawa a ƙirji, da abin fasa ɓawo, da kwanon ruwan wanke hannu, ya naɗe hannun riga ya duƙufa. Ni kuwa na zaɓi tabot, faffaɗan kifin nan da ke kwanciya a ƙasan teku, idanunsa biyu a gefe ɗaya.

Da aka ajiye farantin gabana ya faɗi. Gunduwa ɗaya mai kauri, an yanka ta da ƙashinta an gasa, ga ƙananan dankali, ga wata miya ruwan ɗorawa ta man shanu da gwaiduwar ƙwai da lemun tsami. Ba yaji, ba albasa, ba tumatir. Duk rayuwata kifi sai an tsare shi da kayan yaji don a kashe ƙarni. Na sa cokali mai yatsu, naman ya ɓare falle-falle, fari tas, yana tururi. Babu ƙarni ko kaɗan. Akwai wani zaƙi a ciki da ban taɓa sanin kifi na da shi ba, kuma na kusa da ƙashi har danƙo yake yi a leɓe. Miyar ba ta danne shi ba, rakiya kawai ta yi masa. Na gane cewa gwanintar kicin ɗin nan biyu ce: samun kifin da bai daɗe da barin ruwa ba, da sanin daidai lokacin sauke shi daga wuta. Na ce, "Malam, ɗanɗana wannan." Ya ɗanɗana ya yi shiru, sannan ya miƙo mini hannun kaguwa da ya riga ya fasa.

Mai gidan ba ya nan, kuma ban sa ran ganinsa ba. Ɗansa Jack ne ke lura da harkar girki yanzu. Abin da ke burge ni a tarihin wurin shi ne ba da girki ya fara ba. Bayan Rick Stein ya gama jami'ar Oxford, gidan rawa ya buɗe a garin nan, faɗace-faɗace suka yi yawa har aka rufe shi, sai lasisin sayar da abinci ya rage a hannunsa. Da shi suka buɗe gidan abincin shi da Jill, matarsa a lokacin, a 1975. Shekara ashirin yana gaban murhu kafin BBC ta nuna shi ga duniya a 1995. Yau akwai makarantar koyon girkinsa, da shagon soyayyen kifi da dankali, da masaukai, har ana wa garin laƙabi da "Padstein". Wasu 'yan garin na godiyar aikin yi da aka samu, wasu na kukan cunkoson baƙi da tsadar gidaje. Na ga cunkoson da idona, kuma ina ganin kowa da gaskiyarsa.

Kuɗin daren ya yi nauyi, fam ɗin da muka biya ya isa cefanenmu na mako biyu. Ban yi da-na-sani ba.

Da muka fito teku ta dawo. Filin yashin nan ya ɓace, kwale-kwalen da muka bari a kwance duk sun miƙe suna lilo, fitilun ƙauyen Rock na ƙyalli a tsallaken ruwa. A bakin tashar wasu masunta biyu cikin rigunan roba ruwan goro suna loda tarkunan kaguwa a jirgi. Malam ya tambaye su yaushe za su fita, babban ya ɗaga kai ya ce kafin gari ya waye, ya ci gaba da naɗe igiyarsa.