Zaren da ido ba ya gani

Yau a ɗakin gwaji malamarmu ta ɗora mini wani ɗan farin ƙyalle a tafin hannu, ko nauyinsa ban ji ba. Ta ce da zein aka yi shi, wato furotin ɗin masara. An narkar da shi a ruwan itanol, wani nau'in barasa, aka ɗiga man kanumfari, aka tura ta bakin allura da wutar lantarki mai ƙarfi, ya riƙa fita siri-siri yana taruwa a kan faranti. Kowane zare ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Amma wani faifai da aka raini ƙwayoyin cuta a kansa, aka ɗora guntun ƙyallen a ciki, shi ne ya tsaya mini a rai. Ko'ina sun yi dam, sai kewayen guntun ƙyallen, da'ira wasai, babu ko ɗaya. Sinadarin yujinol na kanumfarin ne ke fita a hankali yana lalata fatarsu. Shi ya sa ake son a riƙa ɗaure rauni da naɗe abinci da irinsa, ko da yake danshi na saurin ɓata shi. Har na dawo gida yatsuna na ƙamshin kanumfari, ni kuwa hankalina yana kan wannan da'irar.