Rabin mota sanyi, rabi ɗumi

Lahadi, Garwa.

Tun shigowar Maris kilim ɗin motar nan, wato na'urar sanyaya iska, yake raina min hankali. Ɓangarena sanyi ba laifi, kujerar gefe kuwa iska ce kawai mai ɗumi. Uwargida ta daina ƙorafi, yanzu da maficinta take shiga, abin da ya fi ƙorafin ciwo. A hanyar dawowa daga kasuwar Pitoa ta ce, "Malam, ashe sanyin ma na direba ne?" Auta ya kwashe da dariya a baya.

Bayan azahar na ja motar ƙarƙashin darbejiya. Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Matatar iskar da ke bayan ɗan akwatin gaba na zaro, ƙurar hunturu ta toshe ta har da busassun ganye. Na kakkaɓe, na wanke kwandensa da ke gaban lagireto. Iska ta ƙara ƙarfi, amma bambancin yana nan. Sai na aiki Auta kasuwa ya sayo gwangwanin gas mai tiyo da ɗan agogon auna matsi. R134a aka rubuta a jiki, daidai da takardar da ke liƙe a ƙarƙashin murfin inji.

Ina kiciniyar haɗa tiyon sai ga Kawu ya zo shayin la'asar.

"Me za a yi da wannan?"

"Gas zan ƙara, Kawu."

"Na cikin ina ya tafi?"

Na yi shiru. Ya ce gas ɗin kilim ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagaye kawai yake yi a cikin bututu. In ya ragu, to ƙofa ya samu. Bai ko tuɓe babbar rigarsa ba, ya sunkuya ya bi bututun da ido har kusa da kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas ɗin, ya nuna min wata mahaɗa da maiƙo ya jiƙe, ƙura ta daskare a kai. Ya sa Auta ya kawo ruwan sabulu. Muna shafawa sai ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Robar zoben wurin ce ta bushe.

Shi ne ma ya warware min maganar rabi da rabi. Abin da ke sanyaya iska yana bayan dashbod. Idan gas ya yi kaɗan, tun a bakin shiga yake gama aikinsa, sauran ɓangaren ya zauna da ɗumi, duk ramin iskar da ke sha daga can sai ya busa ɗumi.

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a bar ni in lallaɓa ta. Afrilu kawai nake son tsallakewa, in ruwa ya sauka sai a kai gareji."

Ya ce, "Motarka ce." Amma ya ja kujera kusa, ya shiga ba da oda. Bakin da ke kan bututu mai kauri, mai harafin L, nan kaɗai za a haɗa tiyon. Mai H ko da wasa, don matsin can yana iya fasa gwangwani a hannun mutum. A tada inji, a ƙure kilim, gwangwani a tsaye, a riƙa saki kaɗan ana dakatawa. Ya hana ni taɓawa sai da na sa safar hannu da tabarau, wai in ya fesu a fata ƙuna yake yi. Agogon kuma ya ce kada in ba shi gaskiya duka, domin a zafin da ya haura digiri 40 allurar kan hau ko da gas bai cika ba, kuma in ya yi yawa kwamfiresa ce za ta biya.

Gwangwanin ya yi sanyi ƙarara a hannuna, bututun ya fara raɓa. Auta ya yi ihu daga ciki cewa sanyi ya zo. Aka kira uwargida ta zauna a kujerarta, ta rufe ido ta ce Allah ya yi albarka. Har na fara jin kaina.

Sai Kawu ya ɗauki gwangwanin yana jujjuyawa. "Wa ya cika wannan?"

"Ga shi a rubuce, Kawu."

"Rubutu daban, ciki daban. Akwai masu ɗura irin gas ɗin girki su liƙa takarda. Yana sanyi sosai, amma yana kama wuta." Ya ajiye, ya shanye shayinsa, ya tafi masallaci.

Maganar nan ta hana ni sakewa. Bai ce nawa jabu ba ne, bai kuma ce na gaske ba ne. Ni da shi da yaron shagon duk takarda ɗaya muka karanta. Ga robar nan tana ci gaba da yoyo kusa da inji mai zafi, ga yara da nake kaiwa makaranta kullum. Gyaran ƙwarai na san shi: a canza roba, a zuƙe iska da danshi da famfo, a auna gas a sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta. Kuɗin da na ware na buhun masara ne.

Uwargida ba ta san da wannan ba. Ta ma yi dambu don murna.

An ɗauke wuta tun magariba. Sauro.

Kawu ya aiko Auta bayan isha'i, wai in kawo motar Talata da sassafe, akwai wani tsohon yaronsa mai sikeli. Ya ce in taho da gwangwanin, kada in yar.