Yadda muka sa asusun fanshonmu a Landan ya fara janye kuɗi daga kamfanonin mai

A Ingila, kansiloli ne ke zama a kwamitin da ke juya kuɗin fanshon ma'aikatan ƙaramar hukuma. Zaɓaɓɓu ne, ana iya zuwa zamansu a saurara, kuma ta wannan ƙofa muka shiga, mu 'yan ƙungiyar ƙwadago a wata ƙaramar hukumar Landan.

Mun fara da neman sanin inda kuɗinmu yake. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba hukuma kwanakin aiki 20 ta amsa. Amsar ta zo kusan babu kamfanin mai a ciki, kuma laifin tambayarmu ne, don hannun jarin da asusun ya saya da kansa kawai muka tambaya. Galibin kuɗin yana cikin asusun haɗaka masu bin ma'aunin kasuwa, waɗanda ke sayen duk babban kamfani, har da Shell da BP. Sai da muka nemi a buɗe mana cikin waɗannan sannan gaskiya ta fito.

Duk zaman da muka je, magana ɗaya ake maimaita mana: amana ce, ba a siyasa da kuɗin tsufan mutane. Gaskiyarsu ne, kuma mu ma kuɗinmu ne. Abin da ya taimaka shi ne rahoton 2014 na Hukumar Dokoki (Law Commission, mai ba gwamnati shawara kan gyaran dokoki), wanda ya yarda a duba abin da ba riba ba bisa sharaɗi biyu: a sami dalilin ganin masu fansho sun damu da batun, kuma kada a jawo babbar asara. Saboda haka sa hannun mazauna unguwa da muka tara bai yi nauyi ba. Ra'ayin masu zubi da 'yan fansho ake buƙata, sai muka koma muka tambaye su.

Lokaci ma yana da tasiri. Duk shekara 3 ake ƙiyasta asusun, a sake duba takardar manufar zuba jari. Wanda ya zo bayan nan sai ya jira. Mun kuma kawo misalin Waltham Forest, wata ƙaramar hukumar Landan, wadda a 2016 ta yi alƙawarin janye kuɗinta daga kamfanonin mai cikin shekara 5.

Da kwamiti ya amince, aikin bai ƙare ba. Kuɗin ƙananan hukumomin Landan ta London CIV ake haɗa su, wato kamfanin da suka kafa don zuba jari tare, dole a sami asusun da ya dace a can. Mun nace a rubuta wa'adi a takardar manufa, da rahoto duk shekara. Bayan zaɓen Mayun 2022 sababbin kansiloli suka hau kwamitin, wannan rubutun muka ɗauka muka sake yi musu bayani daga farko.