Bin sawun ruwa a gonar gero

Watan Maris ne, a gabas da Yamai, zafi kamar ana gasa mutum. Mu uku muna murɗa ƙarfen haƙa a tsakiyar gonar gero da aka daɗe da girbewa. Duk santimita 10 sai mu zaro yashi, mu ɗura a kwalba, mu toshe da sauri. Wanda ya tsaya susar kai kafin ya rufe kwalba ya ɓata aikin yini, domin rana za ta lashe ɗan danshin da muka zo dominsa.

Wani dattijo, tsohon mai haƙar rijiya, ya daɗe yana kallonmu. Can ya ce, "Samari, mu muna haƙa mu sami ruwa, ku kuna haƙa ku tafi da ƙasa. Zinariya ce a ciki?"

Na ce, "Baba, sawun ruwa muke bi."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Amma ba wasa nake ba. Ruwa haɗin oksijin ne da haidirojin, kuma ba duka nauyinsa ɗaya ba. Cikin ƙwayoyin oksijin 500, kusan ɗaya ta fi sauran nauyi, ita ake kira oksijin-18. Haidirojin ma yana da tasa mai nauyin, ɗaya cikin kimanin 6,400. Irin waɗannan ƙwayoyi masu bambancin nauyi ake kira aisotof, su muke aunawa. Mutanenmu da sun ji kalmar sai hankalinsu ya tafi yuraniyom na Arlit, alhali waɗannan ba sa ruɓewa, ba sa cutarwa, muna shansu kullum a randa.

Aikin rana a kan ruwa kamar shiƙar hatsi ne: ƙaiƙayi ya fara tashi, tsaba ta zauna. Ruwa marar nauyi ke riga zama tururi, wanda ya rage sai nauyinsa ya ƙaru. Saboda haka duk ruwan da ya daɗe kusa da saman ƙasa yana ɗauke da tambarin rana, kuma tambarin ba ya gogewa ko ya nutse can ƙasa. A ɗakin gwaji mun ɗumama yashin, muka tatso ruwansa, ɗan digo-digo, muka auna. Na saman nan duk ya yi nauyi, rana ta sha ta bar saura.

Ruwan rijiyar ƙauyen kuwa babu tambarin a jikinsa. Awonsa ya zauna daidai kan layin da ke nuna awon aisotof na ruwan sama, wanda masanin kimiyya Harmon Craig ya fitar a 1961, ya fi kama da ruwan manyan hadari na tsakiyar damina. Ashe ba ruwan da ya sauka a gona ya tsuma a hankali ba ne ke ciyar da rijiya. Shi wannan ruwan na gona, gero da rana ne ke raba shi. Na rijiya ta gindin tabki yake zurarewa, cikin kwanaki, kafin rana ta taɓa shi.

Nan ne na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai a yankin. Duk da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan hawa ya yi ta yi, kimanin mita 4 daga farkon shekarun 1960 zuwa 2007. An sare daji an yi gonaki, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga inda ya faɗi, sai ya kwarara ta kwazazzabai ya cika tabkuna. Ni dai ban ga abin guɗa a nan ba. Ruwan da ya gajarta igiyar guga shi ne ya kwashe naman gona ya tafi da shi.

Da na koma bayan damina na gaya wa dattijon sakamakon, bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Yaro, tabkin can in ya cika, ka ba shi 'yan kwanaki ka leƙa rijiya. Nawa kuka kashe a kwalaben nan?"