Bitar binciken magabata ba ɓata lokaci ba ce

Jiya ƙanena da ke aji uku a karatun likitanci ya tambaye ni: "Yaya, wai tattara binciken da wasu suka riga suka yi a rubuta bita a kai yana da amfani kuwa?" Na kwana ina tunanin tambayar.

Bitar da na fara rubutawa a kan saran maciji ce, domin mu 'yan Gombe mun san halin da manoman yankin Kaltungo ke shiga da damina. Wata biyu na yi ina haƙa a PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, data na ƙarewa, ina sake saye. Na sha wuya ƙwarai. Amma a nan na fahimci yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa, da dalilin da ya sa ake zuba jinin mara lafiya a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko zai daskare. A nan kuma na ga cewa sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Abin ya taɓa mini zuciya.

Gaskiya bita ba za ta koya maka sa allura ko lallashin uwar da hankalinta ya tashi ba. Wannan sai a gaban gadon mara lafiya.

Amma ranar da aka kawo wani manomi, ƙafa a kumbure, dasashi na zubar da jini, na san abin da nake gani. Na ce wa ƙanena ya zaɓi cutar da ke damun mutanen garinmu ya fara.